Gida mai sassa huɗu da ya kasa biyan bashin kansa: nazarin shekarar farko ta sabon mai gidan haya

Wani ma'aikaci ya yi shekaru yana tari, ya sayi tsohon gida mai sassa huɗu domin ya zuba 'yan haya. A lissafinsa, hayar za ta riƙa biyan bashin da ya ci, ta kuma bar masa rara kowane wata. Wata 12 bayan ya karɓi makullai, albashinsa ne ke ɗauke da gidan. Ba gobara aka yi ba, ba kuma a takardu aka cuce shi ba, domin lauya ya bi takardar mallaka har ofishin rajista ya tabbatar babu jingina ko rigimar gado a kanta. Abin da ya same shi ya fi haka sauƙin faruwa, kuma irinsa ne ke kayar da masu shiga harkar da ƙafar dama.

Lamarin misali ne na abin da ake yawan gani. An mai da kuɗin gidan 10,000 ba tare da sunan kuɗin wata ƙasa ba, domin kowa ya auna da nasa. Abin lura shi ne yadda alƙaluman ke hawa kan juna.

Lissafin da ya yi kafin saye

Yana da 5,000 a hannu. Ya ba da 4,000 kafin alƙalami, ya ci bashin 6,000 na shekara 15 a kan kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100, abin da ya kama biyan kusan 65 a wata, wato 780 a shekara. Ko da ta hanyar murabaha ya bi a bankin da ba ya karɓar ruwa, lissafin bai canza ba: akwai ƙayyadadden kuɗi da za a biya ranar kaza ga wata, da ɗan haya a gidan ko babu. La'adar dillali, kuɗin lauya, safiyo da rajista suka ci 600. Ya kashe 250 a fenti da tayil domin gidan ya yi kyan gani. Ya rage masa 150.

Dillali ya ce kowane sashe na kawo 30 a wata. Sassa huɗu 120 ke nan, 1,440 a shekara. Ya cire 780 na banki, ya ga saura 660. Ya raba da 4,000 ɗin da ya ba da, ya samu sama da kashi 16 cikin 100. A nan ya tsaya, kuma a nan aka yi ɓarnar. Lissafin ya ɗauka cewa duk sassan za su cika wata 48 cif, kowa zai biya a kan lokaci, kuma babu ƙusa ɗaya da za a saya.

Abin da ya shigo da abin da ya fita

Sashe na farko yana da tsohon ɗan haya. Da sabon mai gida ya je gabatar da kansa, sai mutumin ya ɗauko rasit: ya riga ya biya wanda ya sayar hayar wata 6 gaba. Rasit ɗin na gaskiya ne. A dokokin ƙasashe da dama, yarjejeniyar haya tana bin gida ne idan an sayar, don haka ɗan hayar ba shi da laifi, kuma ba a karɓar kuɗi sau biyu a hannunsa. Sashen ya kawo 180 maimakon 360. Maganin wannan takarda ce guda ɗaya kafin a biya kuɗin gida: kowane ɗan haya ya rubuta nawa yake biya, zuwa yaushe ya biya, nawa ne kuɗin ajiyarsa a hannun mai gida, da ko an yi masa wani alkawari na baki, ya sa hannu. Sai a zare abin da aka biya gaba da kuɗin ajiya daga farashin gidan ranar ciniki.

Sashe na biyu ya biya 360 ɗinsa babu fashi. Na uku ya yi wata 3 a rufe saboda rufi, ya kawo 270. Na huɗu ya yi wata ɗaya babu kowa, aka sa mutum, ya biya wata 4, ya daina. Ya kawo 120. Jimillar abin da ya shiga aljihu 930, ba 1,440 ba.

Ta ɓangaren fita kuwa: haraji da inshora 130, ƙananan gyare-gyare 140, ruwa da fitilun tsakar gida da kwasar shara 90, rufi 420, bututun bayan gida 160, lauya da kotu 110, la'adar nemo 'yan haya biyu 60. Duka 1,110. A haɗa da 780 na banki, ya zama 1,890. Giɓin shekara 960, a wurin da aka sa ran rarar 660. Ɗan 150 ɗin da ya rage bai kai wata na huɗu ba.

Rufin

Ranar da ya je duba gidan, silin sashe na uku fari tas, ƙamshin sabon fenti na tashi, sauran sassan kuwa fentinsu ya kwana biyu. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tambaya. Mai sayarwa ba ya fente silin ɗaki ɗaya don nishaɗi. Babu wanda ya leƙa saman silin, babu wanda ya hau rufin. Ya zagaya da dillali na rabin awa da rana tsaka, ya ƙirga ɗakuna, ya yaba girman tagogi.

Da an buɗe ƙofar silin an haska tocila, da an ga baƙin tabo a jikin katakon da ke ƙarƙashin kwaro, wato inda fuskoki biyu na rufi suka haɗu ruwa ke taruwa. Da an soka sukudireba a katakon, da ta nutse kamar a sabulu. Yoyon kwano ba kasafai yake farawa a tsakiyar falle ba. Yana farawa ne a ramin ƙusa da ya yi tsatsa ya faɗaɗa, a mahaɗar falle da falle, a kwaro, da inda kwano ya haɗu da bango. Ruwan kuma ba ya ɗiga daidai inda ya shiga. Yana bin katako ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya sauka, shi ya sa mai gyaran da ya liƙe saitin tabon silin kawai yakan dawo bayan ruwa na gaba.

A nan haka aka yi. Da ruwan farko ya sauka, ɗan hayar ya kira ya ce silin ya yi tabo. Aka turo mai gyara ya shafa kwalta daga sama, aka sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan mako shida silin ya jiƙe ya rufto, ruwa ya shiga akwatin wayoyin wuta, ɗan hayar ya kwashe kayansa. Da aka yaye kwanon sai aka tarar katako shida sun ruɓe, gara kuma ta samu danshi ta shiga. Gyaran da zai tsaya a 60 ko 70 tun farko ya koma 420, ga hayar wata 3 ta tafi. Inshora ba ta biya ba, domin yawancin takardun inshorar gida suna ɗaukar ɓarnar da ta auku kwatsam ne, kamar guguwa ta yaye rufi, ba lalacewar da ta taru a hankali saboda rashin gyara ba.

Duba gida kafin saye aiki ne na yini guda da wanda ya san gini, kuma wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. Ana buɗe duk famfuna a lokaci ɗaya na minti goma, a ja ruwan duk bayan gida, a tsaya a ga ko magudana na haɗiye ruwan ko yana dawowa. Da an yi wannan gwajin, da bututun bayan gida da saiwar bishiya ta fasa ya tona kansa kafin ciniki. Ana rufe duk famfuna a kalli mitar ruwa. Idan tana juyawa, akwai yoyo a ɓoye. Ana buɗe akwatin wuta a duba tabon ƙuna da wayoyin da aka yi wa ƙari da salatif. Ana shafa gindin bango: farin gishiri da filasta mai kumbura alamar danshi ne daga ƙasa. Tsaga siririya a filasta ba abin tashin hankali ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a gefe ɗaya, ta wuce milimita 5, ga ƙofofi suna cijewa, wannan sai injiniya ya gani. Duk abin da aka samu a rubuta shi da kiyasin kuɗin gyara, a ɗora a teburin ciniki. Saye ba tare da wannan ba cinikin biri a sama ne.

Ɗan hayar sashe na huɗu

Da sashen ya yi wata ɗaya a rufe, ranar biyan banki ta matso, mai gidan ya ƙagu. Mutum na farko da ya zo da kuɗin wata biyu a hannu, shi aka ba makulli. Ba a tambayi inda yake aiki ba, ba a tambayi dalilin tashinsa daga inda yake ba. Yarjejeniyar rabin shafi ce: suna, kuɗi, sa hannu. Babu ranar biya, babu abin da zai biyo bayan jinkiri, babu kuɗin ajiya, babu adadin mutanen da za su zauna.

Tantance ɗan haya ba bincike ne mai wuya ba. Ana ganin katin shaida, ana ganin hujjar samun kuɗi ta wata uku zuwa shida, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. Ana kiran masu gidajen da ya zauna. Mai gidan da ya gabaci na yanzu ya fi faɗin gaskiya, domin na yanzu idan ya gaji da mutum zai yabe shi har sama don ya rabu da shi. Tambaya ɗaya ta wadatar: za ka sake ba shi haya? Sharuɗɗan kuma a rubuta su tun kafin a fara talla, a auna kowa da su daidai wa daida. A ƙasashe da yawa doka ta hana ƙin mutum saboda addini, ƙabila, jinsi ko naƙasa, kuma ko babu doka, waɗannan ba sa nuna mai biya da marar biya.

Da biya ya tsaya a wata na biyar, mai gidan ya yi kawaici. Wata na shida ya karɓi alkawari. Wata na bakwai ya karɓi alkawari da rantsuwa. Duk wannan da baki, babu ko saƙon waya. A wata na takwas haƙurinsa ya ƙare, ya sa aka yanke wa sashen wuta da ruwa, yana ganin hakan zai sa mutumin ya tashi da kansa. Mutumin bai tashi ba, lauya ya nema. A mafi yawan dokokin haya, mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da hannunsa: canza kwaɗo, cire ƙofa, yanke wuta ko fitar da kaya waje duk laifi ne, ko da ana bin mutumin bashi. Hanyar ita ce rubutaccen notis mai wa'adin da doka ta yanka, sannan kotu. Mai gidan ya shiga kotu yana mai bin bashi, ya tarar shi ma ana tuhumarsa. Ga shi kuma notis ɗin da ya rubuta da kansa bai cika kwanakin da doka ta ce ba, aka ce ya sake daga farko.

Sassauci ga wanda ya shiga matsi ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne dabara, domin riƙe mutumin kirki da ya yi tuntuɓe ya fi neman sabo arha. Amma a yi shi a rubuce: bashi kaza, za a biya kaza ranar kaza, idan aka saɓa notis zai fita. Tunatarwa ta farko tana fita ne washegarin ranar biya, ba bayan wata uku ba.

Ko da babu tsautsayi

Mai gidan ya ɗauka shekarar ce ta zo da ƙaddara, ta gaba za ta gyaru. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A cire rufi, a cire kotu, a lissafa shekarar da komai ya tafi daidai gwargwado.

Daga 1,440 a cire kashi 8 cikin 100 na zaman banza da hayar da ba za ta shigo ba, wato kusan wata ɗaya a kowane sashe a shekara: saura 1,325. Haraji da inshora 130. Ƙananan gyare-gyare 100, bisa ma'aunin nan na kashi 1 cikin 100 na darajar gida, wanda tsohon gida yakan wuce. Ruwa, fitilu da shara 90. Kula da gida kashi 8 na abin da aka karɓa, 106. A sa shi ko da mai gida ne ke yi da kansa, domin ranar da ya gaza sai ya biya wani. Sai ajiyar manyan gyare-gyare, wadda sababbi ba sa sakawa sam. Ana samunta ne ta raba kuɗin sauya kowane abu da shekarun da zai yi: rufi 1,200 a shekara 20 ya ba da 60, injin ruwa da tanki 200 a shekara 8 ya ba da 25, fentin sassa huɗu 240 duk shekara 3 ya ba da 80, bututu da wayoyi 600 a shekara 20 ya ba da 30. Duka 195 a shekara. Wannan kuɗin ba rara ba ne don ba a kashe shi bana ba. Rufin yana tsufa kowace rana ko an ware masa ko ba a ware ba.

Jimillar ɗawainiya 621. Abin da gidan ke samarwa tsantsa 704. Wato kusan rabin hayar da dillali ya faɗa ya tafi kafin a zo kan banki, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a tsofaffin gidajen haya. Banki kuwa 780 yake jira. Gidan yana cin 76 daga aljihun mai shi a shekarar da babu wata fitina.

Masu ba da lamuni kan gidajen haya sukan so tsantsar kuɗin gida ya kai ninki 1.2 zuwa 1.25 na biyan bashi. A nan 0.9 ne. Domin a kai 1.25, biyan shekara bai kamata ya wuce 563 ba, wato bashin kusan 4,300. Da 4,000 ɗinsa, farashin da ya dace ya tsaya a kai shi ne 8,300 ko kusa da haka, in mai sayarwa ya ƙi, a bar masa gidansa. Ta wata fuskar ma haka ne: 704 a kan 10,600 da gidan ya ci da kuɗin ciniki kashi 6.6 ne, shi kuwa ya ranto a kan kashi 10. Duk kuɗin da aka ranto da tsadar da ta fi abin da gidan ke haifarwa, ragi yake yi wa mai gida, ba ƙari ba. Tun ran gini tun ran zane.

Gaskiya ne cewa cikin 780 ɗin akwai kusan 190 da ke rage uwar bashi a shekarar farko, kuma gidan na iya ƙara daraja. Amma ba a biyan mai gyaran famfo da darajar gida, kuma wanda ya rasa kuɗin hannu yakan sayar a lokacin da bai zaɓa ba.

Yadda aka tsayar da jinin

Sayarwa ita ce shawarar farko da aka auna, aka ajiye. La'ada da kuɗin takardu za su sake cin wajen 600, ga sashe ɗaya a kotu, mai saye zai taya da arha.

Aka fara da sashe na huɗu. Lauya ya zauna da ɓangarorin biyu, aka yafe rabin bashin hayar, ɗan hayar ya janye ƙorafin yanke wuta, ya miƙa makulli cikin kwana 21, duk a rubuce da shaidu. Yafe wa wanda ya cuce ka kuɗi yana da ɗaci, amma kowane ƙarin wata a kotu 30 ne ke tafiya, ban da kuɗin lauya. Wasiƙar lauya ga wanda ya sayar da gidan ta dawo da 90 daga cikin 180 na hayar da ya karɓa gaba.

Aka buɗe wa gidan asusunsa daban, duk haya ta shiga can, duk gyara ya fita daga can da rasit. Aka sa wa kowane sashe mitarsa, abin da mai gida ke biya na ruwa da wuta ya sauko daga 90 zuwa 30. Banki ya yarda ya miƙe sauran bashin, kusan 5,810, zuwa shekara 20, biya ya koma 56 a wata, 672 a shekara. Wannan numfashi ne mai tsada: jimillar abin da zai biya kafin ya gama ta ƙaru da sama da 2,500. Amma yanzu tsantsar kuɗin gida 764 ne a kan biyan 672, ninki 1.14, rarar 92 a shekara. A kan kusan 5,800 da ya riga ya zuba daga aljihunsa, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. An ƙudurta ba zai taɓa rarar ba, har da 106 na kula da gida da yake yi da kansa, sai asusun ya tara abin da zai riƙe biyan banki da ɗawainiya na wata 6.

Sababbin yarjejeniyoyi sun ƙunshi ranar biya, kuɗin ajiya na wata ɗaya, wanda ke da alhakin kowane irin gyara, adadin mazauna, hana ba wa wani haya a ƙarƙashi, da kwanakin sanarwa kafin mai gida ya shiga dubawa. Ranar shiga ana ɗaukar hoton kowane ɗaki da lambar mita, ɓangarorin biyu su sa hannu a takardar yanayin sashe. Ana hawa rufi sau biyu a shekara, kafin ruwa da bayansa, a share indararo.

Sai batun ƙarin haya. Mai gidan ya so ya ɗaga kowa daga 30 zuwa 32 lokaci ɗaya. A sassan da sababbi za su shiga an yi hakan, domin gidajen da ke kewaye haka suke karɓa. A sashe na biyu, wanda bai taɓa fashin biya ba, an hana shi. Ƙarin 2 kowane wata ya kama 24 ne a shekara. Idan mutumin ya ji haushi ya tashi, wata ɗaya na zaman banza 30 ne, la'adar dillali 30, fenti 60, duka 120, wato ribar ƙarin ta shekara biyar, kuma ba a san wanda zai maye gurbinsa ba. Aka sabunta masa shekara biyu a kan 30, da sharaɗin ƙarin 1 a shekara ta biyu, aka kuma sauya masa famfon kicin da ya daɗe yana ƙorafi a kai.